Zuwa ga Babana a Riyad

Assalamu alaikum Babana,

Mu nan Jidda lafiya lau, Innarka na gaishe ka. Ɗan Baffanka ya zo mana ranar Juma'a, a bakinsa na ji abokan aikinka na ƙorafi da ƙananan manhajojin layin umarni da kake rubuta musu. Wai a wannan -o ne sunan fayil ɗin da za a fitar, a waccan -f, wata ma ko --help, na neman bayanin yadda ake amfani da ita, ba ta amsawa. Wannan gyaransa ba wuya. Ka tsayar da tsari ɗaya ka bi. Ƙa'idojin GNU, wato shirin nan na manhajojin da kowa ke da 'yancin amfani da su, sun ce kowace manhaja ta amsa --help da --version. Saƙon kuskure ya fara da sunan manhajar, sai fayil ɗin, sai dalili, kuma ya fita ta stderr, wato hanyar da aka ware wa saƙon kuskure, kada ya gauraya da sakamakon da wata manhaja ke jira ta karɓa.

Abin da ya hana ni barci shi ne da ɗan Baffanka ya ce akwai wadda in ta kasa buɗe fayil sai ta yi shiru ta fita da 0. Babana, kowace manhaja na barin lamba in ta gama, kuma 0 shaida ce cewa aiki ya kammala lafiya. Aikin da aka saita ya tashi ƙarfe uku na dare, ba kowa a ofis, wannan lambar kaɗai yake dubawa. Da ya ga 0 sai ya wuce ya goge tsohon kwafi, a zatonsa sabo ya samu. In lissafin albashin mutane ne a ciki fa? Dubi grep, manhajar neman kalma a cikin fayil: 0 in ya samu, 1 in babu, 2 in matsala ta taso. A BSD, wani nau'in tsarin Unix, har 64 aka ware wa wanda ya kira umarni ba daidai ba. Magabata sun raba "babu" da "na kasa", kai kuma ka mayar da su duka "an gama"? Ƙarya ce wannan, kuma kai ka sa wa kwamfutar a baki. Ba a san gidanmu da ita ba. Ka kuma san abin da shirun mutum ɗaya ya ja mana a shekarar shagon Baffanka.

Na san za ka ce na cika matsawa. Ni na kwana a ɗakin kwamfutoci ina neman abin da ya lalace, shi ya sa. Mai karanta saƙon kuskurenka a gajiye yake, wataƙila ma Urdu ne harshensa. Gaya masa a taƙaice me ya faru da abin da zai yi.

Hannunka na da kyau a aikin nan, tun kana ƙarami na gani. Ka gyara waccan manhajar kafin ka zo Sallah. Innarka ta ce ka riƙa cin abinci a kan lokaci. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka