Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, maganar ungozoma ce ta kawo ni.

An yi wa asibitin mazaɓarmu kwaskwarima. An sake rufi, an yi fenti, an kafa sola, har firijin rigakafi aka kawo, kuma mun gode. Amma da an yi la'asar sai a garƙame ƙofa, domin ma'aikacin ɗaya ne tilo, namiji, kuma a cikin gari yake kwana.

A daminar bana ƙanwata ta haihu a ɗaki wajen ƙarfe biyun dare, sai jini ya ɓalle mata. Muka garzaya asibitin, muka tarar da kwaɗo a ƙofa. A amalanke muka ɗora ta, mahaifiyarmu na tallafe da kanta tana salati, ni ina haska hanya da fitilar waya, ga rafi ya cika ya raba mu da titi. Sai bayan asuba muka isa babban asibiti. Allah ya yi da sauran kwananta a gaba, amma sai da aka ƙara mata jini leda uku. Duk awon cikinta a asibitin nan da muka samu a kulle ta yi shi, ba ta taɓa fashi ba.

Ranka ya daɗe, kai ba baƙon wannan matsala ba ne. Kana shugabantar hukumar kula da lafiya a matakin farko aka ƙaddamar da shirin tura ungozomomi karkara a 2009. A Disamban 2023 gwamnatinku ta yi alkawarin ninka ƙananan asibitocin da ke samun kuɗin asusun lafiya, daga kusan 8,800 zuwa 17,600 nan da 2027. A Nuwamban 2024 ka sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi, kuma wallahi na yi murna ranar. Sai dai wadda ta isa asibiti da ranta ita za a yi wa tiyatar.

Na san ɗaukar ma'aikata hakkin jiha ne da ƙaramar hukuma. Amma kuɗin asusun nan, kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya da dokar lafiya ta 2014 ta ware, ta hannunku yake fita. Don Allah ku gindaya sharaɗi: kada a lissafa wani asibiti cikin waɗanda aka farfaɗo sai akwai ungozoma mai kwana a cikinsa, da ɗakinta, da albashinta a kan kari. Muna da 'yan mata da suka gama sakandare suna zaune a gida; in an horar da su, ba za su nemi a mayar da su birni ba, nan ne garinsu.

Akwai ƙarancin magani, akwai batun hanya, na bar su sai wani jiƙon. Matar maƙwabcina cikinta wata takwas yanzu, kuma rafin bai janye ba tukuna.

Naka,
Wani malamin firamare daga karkara