Amsa ga uban da ya tambaya: me ke kashe gwiwar malaman ajin Hausa?

Assalamu alaikum Malam.

A taron iyayen yara a Maradi ka tambaya, gaban jama'a, me ya sa malamin da aka ba ajin Hausa bai cika daɗewa ba sai ya nemi canji, alhali harshensa ne. Tambayar ta dace, ga amsarmu.

Jin Hausa daban, koyar da ita daban. Malamin nan da Faransanci ya yi karatunsa tun daga CI, wato ajin farko na firamare, don haka hannunsa ya saba rubuta "ou" a wurin u, "tch" a wurin c, kuma ya kan manta ƙugiyar ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Horon ƴan kwanaki ba ya gyara wannan. Sannan ga kalmomin lissafi da na nahawu: in babu jagorar malami a hannunsa, kowane dare shi zai zauna ya ƙirƙiro su, malamin aji na gaba kuma ya zo da nasa daban. Yara su rikice, laifi ya faɗa kansa. Tun 1973 aka fara wannan koyarwa a Damagaram, abin takaici ne a ce har yau littafi na yi wa aji kaɗan.

Canjin wurin aiki ya fi komai ɓarna. A horar da mutum, baɗi a tura shi makarantar Faransanci zalla, a kawo wanda bai taɓa rubuta Hausa ba. Wani kuma a kai shi karkarar Dakwaro, inda wasu yaran Fulatanci ko Tamajak suke ji a gida.

Sauran ka san su. Malami ɗan kwantiragi in kuɗinsa suka makara, bashin mai kanti ke cikin kansa, ba darasi ba. Ajin zana sai an gama girbi ake samun karan kafa shi, ruwan farko kuma ya tashe shi. Ga maganar da ta fi ciwo, wadda iyaye ke faɗa a gabansa: "Hausa ai a gida ma suna ji."

Kundin tafiyar da mulkin Nijar na 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa. To kwamitinku na makaranta ya rubuta wa sufeton makarantu ya nemi abu biyu: a bar malamin da aka horar ya bi yaransa daga CI zuwa CE1, wato aji na uku, kuma littattafai su iso kafin komawar Oktoba.

Wassalam,
Wasu masu horar da malamai, Maradi