Zuwa ga Kawu, kan maganar wai daji ba ya son ƙarfe

Assalamu alaikum Kawu, ina gaisuwa, ya jama'ar Daura. Tambayar da ka yi mani gaban mutane ranar ɗaurin aure, wai tunda na yi boko in faɗa maka me ke sa ciwon daji ya bar nono ya koma huhu in ba wuƙar likita ba, ranar hayaniya ta hana, shi ya sa na rubuto nan kowa ya gani.

Kawu ba wuƙa ba ce, abin daga ciki yake tasowa.

Kusan kowace ƙwayar halitta ta jikinmu kundi guda take ɗauke da shi, DNA, mai babi wajen 20,000, ta ido da ta hanta duk kundin ɗaya ne, bambancin kawai wane shafi aka buɗe. Masu buɗewa da rufewar nan wasu furotin ne, a jikin mutum sun kai kimanin 1,600. Tun 1961 Jacob da Monod na Faransa suka nuna haka ake kunna ƙwayar gado, wato babin nan na kundin, a kashe ta, a jikin bakteriya ma suka gano.

To a cikin furotin ɗin nan akwai biyu, Twist da Snail, wannan na biyun dodon koɗi ke nan, masana ba su iya raɗa suna ba wallahi. A jikin ɗan ƙudan nan mai bin ruɓaɓɓen mangwaro aka fara ganinsu, aikinsu na halal shi ne su sa ƙwayoyi su tashi su yi ƙaura lokacin da ɗan tayi ke haɗuwa, in an gama su lafa. Sai daji ya sake tada su. Suna tashi su rufe shafin wani furotin E-cadherin, shi ne kamar lakar da ke riƙe tubali da tubali, laka ta zube kuwa ka san sauran, ƙwaya ta saki 'yar uwarta ta kutsa hanyar jini ta yi gaba. A 2004 a ɗakin binciken Robert Weinberg a Amurka sun toshe Twist a dajin nono na ɓeraye, yaɗuwa zuwa huhu ta ragu ƙwarai. Haka ake kama su dai, a kashe ɗaya a ga me ya canza.

Kuma ba ko'ina ƙwayar dajin take tsira ba, kai manomi ne za ka fi ni ganewa, a 1889 wani likita a Ingila, Stephen Paget, ya duba bayanan mata 735 da dajin nono ya kashe ya ce magana ce ta iri da ƙasa, shinkafa ba ta yi a jigawa.

Abin da ke ruɗa mutane, ana ta shafe-shafe wata da watanni, kafin a je asibiti ƙwayoyin sun riga sun fita suna kwance a ƙashi ko huhu hoto bai kama su ba, a yi aiki, su bayyana daga baya, sai a ɗora wa wuƙa.

Matar maƙwabcinka da ka ce tana da kullutu tun damina, don Allah a kai ta asibitin koyarwa na Katsina satin nan, in an ɗebi naman a tambaya ko dajin mai bin istirojin ne, wato sinadarin nan na jikin mata, don shi ma furotin mai karɓar istirojin ɗin cikin masu buɗe shafin nan yake, kuma akwai maganin tamoxifen da ke toshe shi.

Ɗanka na Katsina.