Amsa ga wanda ya kira Jim Creighton maha'inci

Malam, bayan gaisuwa.

A bainar jama'a ka tambaye ni dalilin da ya sa na kira Jim Creighton gwarzon besbol (wasan ƙwallo da sanda na Amurka), alhali shekara uku kacal ya yi a kulob ɗin Excelsior na Buruklin, wadda yau take cikin birnin Niyok, kuma ana cewa yana karɓar kuɗi a ɓoye. Ka ƙara da cewa maha'inci nake yabo. Wannan kalmar ce ta yi mini zafi, don shekarun da na yi ina rubutu a kan wasanni ban taɓa wanke macuci ba, kuma ka sani.

Ka duba yadda ake wasan a 1860. Mai jifa yana tsayawa ƙafa 45 daga mai bugu, ya sako ƙwallo daga ƙasa, hannu a miƙe, kamar mai miƙa wa baƙo goro. Aikinsa kawai ya ba mai sanda abin da zai buga. Creighton, yana ɗan shekara 19, ya riƙa karkaɗa wuyan hannu a daidai sakin ƙwallon, sai ta taso da gudu tana hawa. Daga nan mai jifa ya zama abokin karawa. Yau duk wasan a kan wannan karawar yake tsaye.

Maganar kuɗi kuwa, gaskiya ne doka ta hana biyan 'yan wasa a lokacin. Amma tun 1858 aka fara karɓar kuɗin shiga kallo a Niyok. Wa ke cin kuɗin? Manya su tara, yaron da jama'a suka zo kallo a ce masa haram ne? A 1869 kulob ɗin Cincinnati ya biya dukan 'yan wasansa a fili, ba wanda ya kira su ɓarayi. Har yau abin da ke ci mini rai ke nan: a ci gumin matashi, in ya miƙa hannu a ce ba shi da tarbiyya.

Gajartar zamaninsa ba zan tsaya a kanta ba, domin ba gazawa ce ta fitar da shi ba. Ranar 14 ga Oktoba 1862 ya ji ciwo a cikinsa ana tsakiyar wasa, bayan kwana huɗu ya rasu yana da shekara 21. Kabarinsa na maƙabartar Green-Wood a Buruklin.

Ina zargin ba Creighton ne ya dame ka ba, ni kake nema. To ga ni, ka yi da ni. Shi dai ka janye masa kalmar nan, a gaban mutanen da ka faɗe ta.