Kafin a sauke shanun Turai, a leƙa turkenmu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ɗan ba ni fili in tofa albarkacin bakina kan maganar shanun madara da ake ta yi tun da aka kafa ma'aikatar kiwon dabbobi ta tarayya a 2024. Na ji ana batun shigo da karsanu daga Denmark don a rage kuɗin da ke fita wajen sayo madarar gari. Niyyar ba laifi. Sai dai ni na yi shekara talatin ina bin rugage da sirinji da kwalbar magani, kuma a kan irin wannan saniya na zubar da kuɗin sallamata, don haka ina da ta cewa.

Da na ajiye aiki na sayi guda biyu, masu dabbaren baƙi da fari, jinin Friesian na Turai kusan zalla. Cikin hunturu aka kawo su. Suna ci, nono na zuba, maƙwabta har kallo suke zuwa. Bazara na kamawa labari ya sha bamban. Tun da hantsi za ka same su tsaye baki buɗe, miyau na dalala, suna haki kamar sun yi tsere da doki, ko kwanciya su yi tuƙa ba sa iyawa. Ci ya ragu, nono ya koma rabi. Na kafa rumfa, na sayi fanka, wutar lantarki kuwa ka san halinta. Na koma sayen ruwa wajen 'yan garuwa ina kwara musu safe da rana, har uwargida ta ce ko ita da take amarya ba ta ga wannan gata ba. Da damina ta faɗi kaska ta hau su. Ɗaya kirci ya cinye mata baya, ɗayar ta yi ɓari, daga nan sau uku ana yi mata barbara ba ta ɗauka ba. Mahauci ne ya raba ni da su, a kuɗin da har yau ban faɗa wa kowa ba.

A turken nan dai akwai wata tsohuwar Bunaji da na gada. Cikin ranar da ke neman kashe waɗancan take fita kiwo ta dawo abinta. Ba wani asiri ba ne. Gashinta fari ne, gajere, a kwance, yana mayar da rana, fatar da ke ƙarƙashi kuma baƙa. Shanu masu tozo sun fi na Turai iya gumi. Ita kuwa mai yawan nono dole ta ci da yawa, abincin da take narkarwa wata wuta ce a cikinta. Zafi na haura digiri 25 take fara takura, mu kuma a Afrilu 40 muke wucewa.

Na san za a ce tamu lita ɗaya ko biyu ake tatsa a rana. Haka ne. Amma wa ya taɓa yi mata hidimar da ake yi wa ta Turai? Ta yini tana taka sayyada, ta ci karmami da busasshiyar ciyawa, maraƙi ya tsotse nasa, sannan a auna saura a ce ba ta da nono. Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne maganar bijimi. Bijimin da ya fi kowane kyau a garke shi muke lodawa a motar Legas, ko mu kai kara gab da Babbar Sallah, mu bar wa shanu ɗan tsurut ya yi barbara. Ba mai rubuta wace saniya ce ta fi nono, balle a ajiye ɗanta. Shekara da shekaru muna yin haka, sannan mu ɗora wa irin laifi.

A Nijar, a tashar Tukunus da ke yankin Filinge, an daɗe ana zaɓen shanun Azawak saboda nono, har ƙasashen maƙwabta na neman irin. Birazil ta ɗauko Gir daga Indiya, mai tozo kamar tamu, ta yi ta tacewa tsawon shekaru, ta haɗa da Holstein ta Turai ta fitar da irin da ake kira Girolando, yau Indiyar ma na sayen iri daga wajenta. Nan gida, cibiyar bincike ta Shika kusa da Zariya ta daɗe tana haɗa Friesian da Bunaji. Abin da idona ya gane mini shi ne ruwa biyu na yin kyau a hannun mai rumfa da ruwa da dusa, matuƙar jinin Turai bai wuce rabi ba. In ya zarce, sai a koma gidan jiya.

Roƙona ga ma'aikata, daga kuɗin jigilar karsanun nan a ware wani abu don garken tace iri: Bokolo a Sakkwato, Bunaji a Kaduna, Wadara a Borno, a kuma waiwayi Kuri na Tafkin Cadi da ke ta raguwa. A riƙa awon nono ana rubutawa, a raba wa makiyaya zaɓaɓɓun bijimai ko allurar barbara a kuɗin da za su iya.

Ni dai na fara nawa. Jikar tsohuwar Bunajin nan tana turke, ina ba ta harawa da angurya da kanwa, kullum ina auna nononta da gwangwani ina rubutawa a littafin lissafin ƙaramin ɗana. In wani jami'i na son gani, ya zo cikin Afrilu, da azahar.

Naku,
Wani tsohon malamin dabbobi,
daga Funtuwa.