Kafin ku kira mu masu sakaci, ku ƙirga ƙwayoyin

Assalamu alaikum Malam Edita,

Likitan da kuka kawo a shirinku ranar Talata ya ɓata min rai ƙwarai. Sau uku na ji shi yana cewa sakaci ne ke sa mutane barin maganin rage kitsen jini, mai gabatarwa kuwa sai "haka ne, haka ne" yake ta yi. Ba wanda ya tambaye shi ƙwaya nawa mutum ke haɗiya a wuni, balle abin da ke fita daga aljihu.

To ga nawa lissafin. Da safe biyu na hawan jini, ɗaya na suga, da ƙaramin asfirin. Da dare wani na suga, sannan na kitsen jinin. Shida ke nan, kullum, yau shekara bakwai. 'Yar robar da nake jera su mai gida bakwai ce, murfin Laraba ya karye tuni, da kyauro na ɗaure shi. Ga gwajin jini da ake turo mu lokaci-lokaci, shi ma ba kyauta ba.

Idan wata ya yi nisa, na tsaya gaban mai sayar da magani da takarda a hannu, kuɗi ba su kai ba, wanne zan bari? Na suga, in na yi wasa da shi, ƙishirwa da yawan fitsari za su hana ni barci. Hawan jini, na'urar awo za ta tona min asiri. Kitsen jini kuwa, wato kwalestarol, ba ya ciwo, ba ya ƙaiƙayi, don haka shi ake cewa a cire. Na sha raba ƙwaya biyu da reza don kati ɗaya ya kai ni ƙarshen wata. Na san jijiya na iya toshewa, na san shanyewar ɓarin jiki. Ba wa'azi nake nema ba.

Abin da ya kamata ya faɗa bai faɗa ba. Lipitor, maganin kitsen jinin da ya yi suna a duniya, sinadarin atorvastatin ne kawai, kuma tun 2011 wa'adin mallakarsa ya ƙare a Amurka, kamfanoni da yawa suka shiga yin sa da araha. Ni shekara biyu ina sayen mai tsada don sunan kamfani aka rubuta min a takarda. Wata yarinya mai harhaɗa magunguna ce, Allah Ya yi mata albarka, ta juya kwalin ta nuna min sunan sinadarin da aka rubuta ƙanana a ƙasa. Me ya hana likitanku faɗar wannan a cikin minti arba'in?

Haka bai ko ambaci ƙwaya ɗaya mai haɗe da magunguna uku ba. A 2022 aka fitar da sakamakon binciken SECURE, kan dattawan da suka taɓa samun bugun zuciya: masu shan asfirin da ramipril (maganin hawan jini) da atorvastatin a dunƙule, manyan matsalolin zuciya sun ragu musu da kashi 24 cikin ɗari idan aka kwatanta da masu shan magani yadda aka saba. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa irin wannan haɗin cikin jerin muhimman magunguna. Ashe dai masana sun san yawan ƙwayoyin kansa matsala ne. Mu da muke haɗiya mun daɗe da sani.

Ku dawo da shi, amma ku zaunar da maras lafiya ɗaya a gefensa, da ledar magungunansa.

Sannan don Allah ku rage kiɗan nan da kuke sakawa ƙarƙashin magana. Kunnena na hagu ya yi nauyi, rabin lambar wayar da aka karanto ban ji ba, shi ya sa ma na rubuto.

Naku,
Mai sauraro na kullum