Jan Hankali Ga Masu Sha'awar Dira Da Laima

Edita, assalamu alaikum.

Na lura matasanmu a nan Sakkwato sun ƙwallafa rai a kan bidiyon masu dira daga jirgin sama da laima a Dubai, har wasu suna burin gwadawa. Ya kamata su sani cewa sabon shiga yakan fara ne ɗaure a jikin ƙwararren malami, su faɗo tare daga tsayin kusan mita 4,000, cikin gudun kimanin kilomita 200 a awa guda. Kafin mutum ya biya kuɗi, ya tabbatar da akwai laima ta biyu, da kuma na'urar da ke buɗe ta da kanta idan malamin ya kasa. Mai ciwon zuciya kuwa, ya fara ganin likita.

Naku,
Mai karatu, Sakkwato.